Ku Faɗa wa Yaro Gaskiyar Maganinsa

Iyayena mata da maza na Hasahisa da ƙauyukan Jazira.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, har ya iso Wad Madani a Disambar wannan shekarar, yara da yawa sun kasa natsuwa a makaranta. Wani firgici ne ke damunsa, wani yunwa. Wani kuwa da lalurar rashin natsuwa ya taso, wadda likitoci ke kira ADHD. Likita ne zai bambance su. Yaron da bai kai shekara 6 ba, da koya wa iyaye dabarun renonsa ake farawa, kafin a yi zancen ƙwaya.

Idan likita ya rubuta methylphenidate, wanda aka fi sani da Ritalin, ku zaunar da yaron kafin ya haɗiyi ƙwayar farko. Uwa ta ce masa: "Ɗana, kai ba mugun yaro ba ne. Hankalinka ne ke gudu kamar ruwan magudanar gona da aka buɗe wa ƙofa gaba ɗaya. Wannan magani zai taimake ka ka riƙe shi, ka ji karatun malam."

Kada ku ce masa alewa ce, domin ƙanensa na saurare, zai je ya nema. Kada ku daka ƙwayar ku ɓoye a shayi. Akwai irin da ba a fasawa, kuma ranar da ya gane, ya daina yarda da ku. Kada ku ba shi cikin faɗa, sai ya ɗauka horo ne kan ƙiriniyarsa.

Maganin kan rage cin abinci, ya kuma hana barci, shi ya sa ake ba da shi da safe bayan karin kumallo. Kowane dare ku tambaye shi: "Ka ci abinci? Cikinka ko kanka na ciwo? Gabanka na bugawa da ƙarfi?" Yaron da aka faɗa wa gaskiya ba ya ɓoye amsa. Abin da ya ce, ku kawo mana.

Idan tafiya ta kama ku, ku riƙe takardar likita, domin magani ne da hukuma ke sa wa ido a kan iyaka. In ya ƙare, kada ku sayi madadinsa a kasuwa. Ku nemi asibiti mafi kusa.

Allah Ya raya mana zuriya.