Ruwan Kainji da Lafiyar Yaranmu: Inda Binciken Likitanci Ya Kai a Yau



Kwamitin shirya wannan taro ya nemi mu yi bayani a kan sababbin abubuwan da masana suka gano a fannin likitanci. Fagen yana da faɗi ƙwarai, saboda haka muka ga ya fi dacewa mu taƙaita ga cututtukan da suka fi damun mutanenmu na bakin kogi, domin a 'yan shekarun nan an samu ci gaban da ya shafe mu kai tsaye, amma da yawa daga cikinmu ba mu da labarinsa.

Sanin kowa ne cewa an gina madatsar ruwa ta Kainji tsakanin 1964 da 1968, kuma tafkin da ya taru a bayanta ya cinye tsibirai da gonaki da garuruwa, har aka sake wa mutane kimanin 44,000 matsuguni, ciki har da Gungawa da Kambari da sauran 'yan'uwanmu. An sha yin magana a kan gonakin da suka nutse da diyyar da aka biya. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne tafkin ya sauya mana cututtuka. Baƙin ƙudan da ke yaɗa makantar kogi yana hayayyafa ne a inda ruwa ke gudu da ƙarfi a kan duwatsu, irin wuraren nan na tsohuwar Busa inda Bature Mungo Park ya halaka a 1806 bayan ya wuce ta Yauri. Da ruwa ya hau ya binne duwatsun, sai ƙudan ya rasa yawancin gidajensa a cikin tafkin. Amma ruwa mai kwanciya da ciyayi a gefensa shi ne ainihin abin da katantanwar tsargiya da sauro ke so.

Ita makantar kogi labarinta mai daɗi ne. Maganin ivermectin da ake rabawa da sunan Mectizan, wanda kamfanin Merck ya fara bayarwa kyauta tun 1987, ya samo asali ne daga wata ƙwayar halitta da Satoshi Omura ya ciro daga ƙasar Japan, William Campbell kuma ya gano amfaninta. Su biyun sun samu kyautar Nobel a 2015. Bayan shekaru ana shan ƙwayar nan sau ɗaya a shekara, Jihar Kebbi ta shiga jerin jihohin da aka tabbatar an katse yaɗuwar cutar a cikinsu, kuma a watan Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar a matsayin ƙasar farko a Afirka da ta kawar da ita baki ɗaya. Dattawan da ke wannan zaure sun san lokacin da ake ganin yaro riƙe da sanda yana jan mahaifinsa wanda bai wuce shekara arba'in ba. Jikokinsu ba su san wannan ba.

Zazzaɓin cizon sauro kuwa, nan ne ya kamata mu tsaya mu daɗe. A binciken ƙasa da aka gudanar a 2021, an ɗebi jinin yara 'yan ƙasa da shekara 5 a kowace jiha aka duba shi a madubin likita. A Nijeriya baki ɗaya an samu ƙwayar cutar a jinin kashi 22 cikin 100 na yaran. A Jihar Kebbi kashi 49 ne, wato kusan yaro ɗaya cikin kowane biyu, kuma babu jihar da ta kai mu. Wannan ba lambar da za a yi alfahari da ita ba ce, amma ita ce ta sa da allurar rigakafin zazzaɓin ta iso Nijeriya aka fara da mu da Jihar Bayelsa, a farkon watan Disambar 2024.

Masana sun shafe shekaru da dama suna neman wannan allura, saboda ƙwayar maleriya tana sauya kama a cikin jiki: da siffa ɗaya take fitowa daga bakin sauro, ta shige hanta ta hayayyafa, sannan ta fito da wata siffar ta auka wa jini. Allura ta farko, mai suna RTS,S, an gwada ta a Gana da Kenya da Malawi tun daga 2019 a kan yara fiye da miliyan 2, aka ga mace-macen yaran da suka isa karɓarta sun ragu da kashi 13 cikin 100, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita tun a Oktoban 2021. Ta biyu, wadda aka kawo mana, sunanta R21. Jami'ar Oxford ta Ingila ce ta ƙirƙiro ta, kamfanin Serum Institute na Indiya ke sarrafa ta, kuma an amince da ita a Oktoban 2023 bayan gwaji a kan yara 4,800 a Burkina Faso da Mali da Kenya da Tanzaniya. A yankunan da zazzaɓi ke zuwa da damina irin namu, ta rage kamuwa da kimanin kashi 75 cikin 100 a shekarar farko. Aikinta shi ne ta koya wa jikin yaro ya tare ƙwayar tun tana hanyar zuwa hanta.

To, jama'a, ga inda gizo ke saƙar. Allurar sau huɗu ake yin ta: a wata na 5 da haihuwa, da na 6, da na 7, sannan ta ƙarshe a wata na 15. Ƙarfin ukun farko yana raguwa da tafiyar lokaci, ta huɗun ce ke sabunta shi. Uwar da ke cikin garin Yelwa tana iya goya ɗanta ta taka zuwa asibiti. Amma ku duba uwar da ke wani gungu, ko ƙauyen da ke bayan Wara ko Dugu, wadda sai ta biya kuɗin jirgi, ta bar aikin gona ko kyafar kifi, ta je wataƙila ta tarar ma'aikacin bai zo ba. Sau nawa za ta yi wannan tafiya? Wata takwas ne tsakanin allura ta uku da ta huɗu, kuma a cikin wata takwas ana mantuwa, kati yana ɓata, wani lokaci ma an sake ɗaukar ciki. Bugu da ƙari, allurar tana buƙatar sanyin firji, ba ta jure zafin rana. Abin takaici ne a ce madatsar da aka gina don ta ba da megawat 960 na lantarki tana maƙwabtaka da ɗakunan shan maganin da ba su da wutar kunna firji ɗaya.

Kada kuma a ɗauka allurar ta sallami gidan sauro. Wani bincike da aka yi a Burkina Faso da Mali, aka wallafa a 2021, ya nuna cewa yaran da aka haɗa musu allurar RTS,S da maganin rigakafin damina, wato ƙwayoyin da ake bi gida-gida ana ba yara kowane wata idan ruwa ya sauka, kwanciyarsu a asibiti da mutuwarsu saboda zazzaɓi sun ragu da kusan kashi 70 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda suka samu ɗaya kawai. Shi kansa sauron ya fara sabawa da tsohon maganin da ake jiƙa gidan sauro da shi, shi ya sa a 2023 aka amince da sabon gidan sauro mai magani iri biyu. A Ruwanda da Yuganda kuwa an gano ƙwayar maleriyar da ta fara jinkirin mutuwa da maganin artemisinin, wanda shi ne ƙashin bayan magungunan da muke sha a yau. Ɗabi'armu ta sayen rabin magani a kemis, a daina sha da zarar jiki ya yi sanyi, tana cikin abubuwan da ke koya wa cuta taurin kai.

Mu koma ga tsargiya, cutar da muka raina domin ba ta kayar da mutum nan take. Har yau akwai ƙauyukan da ake ɗaukar fitsarin jini a wurin yaro namiji kamar alamar girma. Haƙiƙa tsutsa ce. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin wata ƙaramar katantanwa, bayan 'yan makonni dubban 'ya'yan tsutsar su fito su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan, ba sai ya sha ba. Sun fi fitowa da tsakar rana, daidai lokacin da yara ke iyo, mata ke wanki. Tsutsar tana zama shekaru a jijiyoyin mafitsara tana zuba ƙwai, kuma ƙwan ne ke jawo ƙarancin jini da rashin ƙoƙari a makaranta, daga baya ciwon ƙoda ko ciwon dajin mafitsara. Binciken shekarun baya-bayan nan ya ƙara haska wani ɓangaren da aka daɗe ana yin shiru a kansa: a jikin mata ƙwan yana taruwa a mahaifa da gabansu, ya kawo ciwon mara da zubar jini, wani lokaci har da rashin haihuwa. Ana yawan ɗaukarsa ciwon sanyi, kuma an zargi mata da yawa a kan abin da ruwan wanki ya jawo musu.

Maganinta, praziquantel, yana nan tun shekarun 1970, shi ne babbar ƙwayar nan mai ɗaci da ake rabawa a makarantun firamare bayan an auna tsayin yaro da sanda. Amma ƙananan yaran da ba su isa makaranta ba an bar su a baya, don ba sa iya haɗiye ta. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa ba kowa daga shekara 2 zuwa sama a duk garin da cutar ta kai kashi 10 cikin 100. A Disambar 2023 hukumar magunguna ta Turai ta amince da ingancin wata sabuwar ƙwaya ƙarama mai narkewa, arpraziquantel, domin yara daga wata 3 zuwa shekara 6, kuma an fara ba da ita a Yuganda a 2025. Sai dai magani ba ya hana sake kamuwa. Yaron da ya sha yau ya koma ruwa gobe zai sake ɗauka. A arewacin Senegal, inda madatsar Diama ta jawo irin matsalarmu, masana sun gwada cire ciyawar da ke nutse a mashayar gari, inda katantanwa ke maƙalewa, suka wallafa a 2023 cewa cutar ta ragu a jikin 'yan makaranta, ciyawar kuma ta zama takin gona da abincin dabbobi. Wannan aiki ne da Sarkawa da matasanmu za su iya da manjagara. Haka nan ruwan da aka ɗebo aka ajiye kwana biyu ba shi da haɗarin wanka, don tsutsar ba ta daɗewa idan ba ta samu jikin mutum ba.

Mun san akwai masu tsoron duk wani sabon magani, kuma ba za mu kira su jahilai ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200 a Kano. Yara 11 daga cikin waɗanda ke cikin gwajin suka rasu, aka yi ta shari'a har zuwa sulhun dala miliyan 75 da gwamnatin Kano a 2009. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Amma mu tuna abin da dakatar da allurar shan-inna a 2003 ya jawo na gurguncewar yara, kafin a tabbatar da kawar da cutar ta daji daga Nijeriya a 2020. Kuma yanzu 'ya'yanmu na cikin masu binciken. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero, Kano, tana cikin jagororin binciken da aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda ya nuna a 2023 cewa shimfiɗa wata leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa don a auna jinin da ya zuba, tare da ba da magungunan tsayar da jini a lokaci guda, ya rage mummunar zubar jini da kashi 60 cikin 100.

Tun da gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta ta USAID a 2025, tallafin waje da ake dogara da shi wajen rabon irin waɗannan magunguna ya ragu, don haka nauyin ya ƙara dawowa gida. Mu da ke birni muna aika kuɗin asibiti idan yaro ya fara jijjiga, alhali kiran waya ɗaya a tambayi katin allurar yaron bai kai kuɗin ledar jini ɗaya ba, kuma a gida ana jin maganarmu. Muna ba wannan ƙungiya shawara ta ware wani abu daga asusunta na bana domin man jirgin ma'aikatan rigakafi zuwa tsibirai, da firji mai aiki da hasken rana a ɗakunan shan magani na bakin tafki. Muna kuma roƙon 'ya'yanmu da ke koyarwa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi su turo ɗalibansu su gwada fitsarin 'yan makaranta ƙauye-ƙauye, domin da wannan ƙididdiga a hannu ne za mu iya zuwa ma'aikatar lafiya ta jiha da hukumar HYPPADEC mu nemi magani da rijiyoyin burtsatse da wuraren wanka a garuruwan da suka fi buƙata. Kwamitin lafiya ya kawo mana rahoto a taron baɗi, da sunayen garuruwan da adadin yaran da suka kammala allura ta huɗu.