Waƙoƙin Mdou Moctar daga katin waya zuwa faifai

Waƙoƙin Mahamadou Souleymane, wanda aka sani da Mdou Moctar, sun fara yawo ne a katin waya. Buzu ne ɗan jihar Tawa, bahago, kuma jitarsa ta farko da igiyar birkin keke ya haɗa ta.

A Sakkwato, wadda ba ta da nisa da Ƙonni ta hanyar Illela, ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008. An sarrafa muryarsa da na'ura irin yadda ake yi wa waƙoƙin finafinan Hausa na lokacin, sai Tamashek, harshen Buzaye, ta fito da wani amo da ba a saba ji ba. Matasa suka riƙa tura wa juna waƙoƙin ta Bluetooth har suka tsallaka zuwa Mali. Daga irin waɗannan katunan ne Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds a Amurka, ya tattara kundin Music from Saharan Cellphones, inda waƙarsa Tahoultine ta shiga.

Daga baya kiɗan ya yi nauyi. Ahmoudou Madassane na jita, Souleymane Ibrahim na ganga da Ba'amurke Mikey Coltun suka zama ƙungiya tare da shi. Faifan Ilana ya fito a 2019, sannan kamfanin Matador ya fitar da Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024, masu sukar mulkin mallakar Faransa ba kwana-kwana.

A 2022 aka fitar da Niger EP kashi biyu, tarin kiɗan da aka ɗauka a gida Nijar, har da na wajen biki.