Wayar da Ke Cikin Zuciya



A shekarar 1958, a birnin Sitokholm na ƙasar Suwidin, likita Ake Senning ya dasa wa Arne Larsson na'urar daidaita bugun zuciya, wadda ita ce ta farko da aka binne a jikin mutum. Larsson ya rayu har 2001. Tun daga nan ake ta yabon na'urar, amma mai yabon guga ya kamata ya duba igiya. Igiyar kuwa ita ce siririyar wayar da ake zurawa ta jijiyar jini a ƙasan wuya, har ta shiga ɗakin zuciya na dama.

Matsalolinta iri biyu ne. Na farko su ne na kwanakin tiyata. Allurar da ake neman jijiya da ita takan soki huhu, iska ta taru a ƙirji. Kan wayar yakan goce daga inda aka kafa shi, ko kuma ya huda bangon zuciya, jini ya taru kewaye da ita.

Na biyu sai shekaru sun tura. Zuciya tana bugawa kimanin sau 100,000 a yini, kowane bugu kuwa sai wayar ta lanƙwasa. A hankali rigarta takan tsage, ko ƙarfen ya karye, musamman inda ta ratsa tsakanin ƙashin wuya da haƙarƙari na farko. Jini yakan daskare a jijiyar, hannu ya kumbura. Mafi muni shi ne ƙwayoyin cuta su bi wayar su isa zuciya, domin a nan magani kaɗai ba ya wadatarwa, sai an fitar da na'urar da wayarta duka. To, canja batir aiki ne mai sauƙi, amma wayar da ta daɗe tsoka ta riga ta naɗe ta, cire ta da ƙarfi yana iya yaga jijiya.

Saboda haka aka ƙero ƙaramar na'ura marar waya, Micra, wadda Amurka ta amince da ita a 2016. Sai dai yawancin majinyata har yanzu masu waya ne. Wanda ke da irinsu a gida, in ya ga zazzaɓi, ko jiri da suma, ko shaƙuwa marar yankewa, ko wurin dashen ya yi ja yana ruwa, kada ya jira ranar da aka ɗiba masa, ya kai shi ga likitan zuciya.