Yawon Buɗe Ido a Tsibiran Galapagos: Dalilin da Ya Sa Jirgin Ya Zama Ƙarami



Abin da muka zo tattaunawa a kansa yau shi ne wani irin yawon buɗe ido da ake yi cikin ƙananan jiragen ruwa a tsakanin waɗansu tsibirai na Tekun Fasifik, watau tsibiran Galapagos. Mai yiwuwa ne wani ya ce ina ruwanmu da shaƙatawar masu kuɗi a can wata uwa duniya. To, dalilinmu shi ne akwai wata matsala ta mulki a cikin zancen. Mutane suna biyan dubban daloli domin su ga dabbobin da ba su san tsoron ɗan Adam ba, alhali kuwa zuwan nasu yana cikin manyan abubuwan da ke iya hallaka dabbobin. Yadda hukumar ƙasar take ƙoƙarin riƙe baƙin ba tare da ta rasa dabbobin ba, shi ne abin da ya cancanci nazarin duk wanda ke shirin kama aikin gwamnati.

Da farko bari mu san wurin. Tsibiran suna kan layin ikwaita, kimanin kilomita 1,000 yamma da gaɓar ƙasar Ikwado ta Amurka ta Kudu, wadda ta mallake su tun 1832. Manya daga cikinsu guda 13 ne, ban da ƙanana da tarin duwatsu. Ba su taɓa haɗuwa da wata nahiya ba, domin aman wuta ne ya haife su. A ƙarƙashin teku akwai wani wuri da narkakken dutse ke ɓulɓulowa, yana daskarewa, yana taruwa, har ya leƙo bisa ruwa. Shi kuma ɓawon ƙasar da tsibiran ke kai yana gusawa gabas da 'yan santimitoci kowace shekara. Saboda haka tsibiran gabas su ne tsofaffi, masu shekara miliyan 3 ko fiye, kuma wutarsu ta lafa. Na yamma kuwa, watau Isabela da Fernandina, har yanzu suna aman. Dutsen Wolf na Isabela, wanda ya fi kowane tsawo da mita 1,707, ya yi aman wuta a 2015 da 2022, na Fernandina kuma ya yi a 2024.

Ko da yake tsibiran suna kan ikwaita, ruwansu yana da sanyi, domin akwai wata kwararar ruwan teku da ke zuwa daga kudu, da wata kuma da ke tasowa daga zurfi ta yamma, dukkansu ɗauke da abincin kifi. Wannan ne ya sa ake samun tsuntsun fengwin a can, wanda danginsa suka fi yawa a ƙasashen sanyi. Akwai wani tsuntsun ruwa da fikafikansa suka ƙanƙance har ya daina tashi, sai nutso. Akwai iguwana, wani babban ƙadangare mai kama da damo, wanda wani irinsa ke shiga teku yana cin gansakukar duwatsu, sa'an nan ya fito ya yi ta atishawa domin fitar da gishiri. A duk duniya babu ƙadangaren da ke kiwo a teku sai shi. Sai kuma ƙaton kunkurun nan da ke iya wuce kilo 250, ya kuma haura shekara 100, wanda daga sunansa na Sifaniyanci tsibiran suka sami suna.

Kakannin waɗannan dabbobi sun iso ne a guje da iska, ko da iyo, ko bisa itatuwan da ruwa ya kwaso. Manyan namun daji masu farauta ba su iya tsallake irin wannan teku ba, don haka waɗanda suka iso suka rayu ba tare da sanin gudun abokin gaba ba. Lokacin da Charles Darwin ya sauka a can a 1835 cikin jirgin Beagle, ya yi kimanin mako biyar, har ya ba da labarin yadda ya ture wani shaho daga reshe da bakin bindigarsa. Wani jami'in gwamnati kuma ya shaida masa cewa da ganin ƙoƙon kunkuru yana iya faɗin tsibirin da ya fito. Irin wannan bambanci tsakanin tsibiri da tsibiri yana cikin abubuwan da Darwin ya yi ta nazari kafin ya fitar da littafinsa a kan asalin jinsunan halittu a 1859.

Rashin tsoron nan kuwa ya ja musu bala'i. Tun bayan da Tomas de Berlanga, Bishof na Panama, ya faɗa wa tsibiran bisa kuskure a 1535, jirage suka riƙa yada zango a can. Matuƙan sun gano cewa kunkuru na iya yin watanni ba ci ba sha, sai suka riƙa jibge su da rai a cikin jirgi, suna yanka a hanya. Binciken da aka yi cikin littattafan jiragen Amurka 79 masu farautar manyan dabbobin teku ya nuna sun kwashe kunkuru fiye da 13,000 tsakanin 1831 da 1868. Abin da matuƙan da mazauna suka bari a baya ma ya fi wanda suka ɗauka ɓarna: ɓeraye, da kyanwoyi, da aladu, da awaki. Alal misali, a 1959 masunta sun saki awaki 3 a tsibirin Pinta, amma kafin shekarun 1970 su yi nisa sun kai kimanin 40,000, sun cinye ciyawar da kunkuru ke rayuwa a kai. Mu da muka tashi da awaki a gida mun san abin da akuya ke yi wa dashe.

A 1959 Gwamnatin Ikwado ta mai da kashi 97 cikin 100 na ƙasar tsibiran gandun ƙasa. An buɗe tashar bincike ta Charles Darwin a tsibirin Santa Cruz a 1964, kana a 1978 hukumar UNESCO ta sa tsibiran cikin jerin farko na wuraren tarihi na duniya. Yawon buɗe ido na sosai ya fara a ƙarshen shekarun 1960, kuma tun farko aka gina shi a kan jirgin ruwa. Hikimar ita ce baƙo ya kwana a jirgi, ya ci a jirgi, ya bar shararsa a jirgi, ya taka ƙasa na 'yan sa'o'i kawai. Ta haka babu bukatar gina otal ko hanyar mota a inda dabbobin suke.

Yanzu bari mu bi baƙo mu ga yadda tafiyar take. Yana tashi ta jirgin sama daga Quito ko Guayaquil, inda za a bincike kayansa ko akwai iri, ko 'ya'yan itace, ko ƙwaro. In ya sauka sai ya biya kuɗin shiga gandu, wanda ga baƙo ɗan ƙasar waje ya tashi daga dala 100 zuwa dala 200 a watan Agusta na 2024. Sa'an nan ya shiga jirgin ruwa. Doka ta hana kowane jirgi ɗaukar fasinja fiye da 100, kuma da yawa daga cikin jiragen 16 kawai suke ɗauka. Galibi da dare ake tafiya, gari ya waye a gaban sabon tsibiri. A sa baƙi cikin kwale-kwalen roba a kai su gaɓa, tare da jagora mai lasisin hukumar gandu, wanda bai kamata ya ja mutum fiye da 16 ba. Ana bin turbar da aka kakkafa wa alama, ba a kauce mata. Ba a kusantar dabba ƙasa da mita 2, ko da ita ce ta tare hanya. Ba a ba ta abinci, ba a taɓa ta, ba a ɗaukar ko da tsakuwa. In an dawo a wanke takalma, domin kada irin ciyawar wannan tsibiri ya bi tafin ƙafa zuwa wancan. Hukuma ce ke tsara wa kowane jirgi hanyarsa da ranakunsa, kuma tun 2012 ba a barin jirgi ya koma wuri guda sai bayan mako biyu.

Mu lura da kyau, jama'a: ƙanƙantar jirgin doka ce ta jawo ta. In da an bar wa 'yan kasuwa zaɓi, da an kawo manyan jiragen nan masu ɗaukar dubban mutane, tun da nan riba take. Kowane adadi da muka ambata, 100 da 16 da mita 2 da mako biyu, wani ne ya zauna a ofis ya yanke, wani kuma yake tsaye a gaɓa yana tabbatar da shi.

Inda aka tsaya tsayin daka an ga amfani. Tsakanin 1997 da 2006 an gudanar da shirin Isabela, aka kawar da awaki fiye da 140,000 daga arewacin Isabela da Santiago da Pinta, har da harbi daga jirgi mai saukar ungulu. Da awakin suka yi ƙaranci, sai aka riƙa ɗaura wa wasu na'urar rediyo a wuya a sake su, su kai maharba inda sauran suka ɓuya. Ciyawa ta dawo. A tsibirin Espanyola kunkuru 14 kaɗai suka rage a shekarun 1960, mata 12 da maza 2. Aka kwashe su zuwa wurin kiwo, aka ƙaro namiji ɗaya mai suna Diego daga gidan namun daji na San Diego, kuma lokacin da aka rufe shirin a 2020 yawansu ya kai kimanin 2,000. Na Pinta kuwa taimako ya zo musu a makare. Ɗaya tak aka samu a 1971, wanda aka yi wa laƙabi da George Mai Kaɗaici, kuma da ya mutu ranar 24 ga Yuni 2012 irinsa ya ƙare a duniya.

Amma fa akwai ƙofar da dokar ba ta rufe ba. An ƙayyade jiragen ruwa, ba a ƙayyade yawan masu zuwa ba. A ƙarshen shekarun 1970 baƙi kimanin 12,000 ke zuwa a shekara, a 2023 kuwa sun kusa 330,000, kuma mafi yawansu a otal suke kwana, suna fita yawon yini guda. Mazauna tsibirai huɗun da ake zama a kai sun kusa 30,000. Yawancin abinci da mai da kayan gini daga nahiya ake kawo su, kuma kowane jirgin kaya yana iya zuwa da baƙon da ba a gayyata ba. Yau tsire-tsiren da aka shigo da su sun fi na asali yawan iri. Akwai wani ƙuda da aka gano tsutsotsinsa a sheƙunan tsuntsaye a 1997, suna shan jinin 'yan tsaki da dare, har wani ɗan tsuntsu mai kama da gwara da ke zama a itatuwan bakin teku ya ragu zuwa kimanin 100. Ɗan hakin da ka raina ke nan. A Janairun 2001 jirgin dakon mai Jessica ya maƙale a kan duwatsun teku kusa da San Cristobal, kuma fiye da rabin iguwanan teku na tsibirin Santa Fe suka mutu cikin shekarar. Daga 2007 zuwa 2010 UNESCO ta sa tsibiran cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari. A teku ma, ko da yake an keɓe yankin kariya na kimanin murabba'in kilomita 133,000 a 1998, a 2017 an kama wani jirgin ƙasar Sin a ciki ɗauke da kifin shak fiye da 6,000.

Ba za mu yi adalci ba in ba mu saurari mazauna ba. Sun daɗe suna kukan cewa kuɗin manyan jiragen yawo yana komawa ga kamfanonin nahiya da na ƙasashen waje, baƙon da ya kwana a otal kuwa shi ne ke sayen abinci a gari, ya hau motar haya. Masunta sun yi bore a 1995 da 2000 a kan ƙayyade kamun da suke yi, har suka mamaye ofisoshin gandu. A 2020 kuma, da annobar korona ta tsai da zirga-zirga, jagorori da masu otal suka wayi gari babu aiki, ita ma hukumar gandu kuɗin shigarta ya faɗi. Ashe tsarin da ya fi sauƙi ga dabbobi shi ne wanda talakan tsibiri ya fi ƙarancin mora, kuma dokar da mazauna ba su ga rabonsu a ciki ba, da wuya su taya a tsare ta.

Ra'ayinmu shi ne, ƙayyade jirgi bai isa ba sai an ƙayyade yawan masu shigowa gaba ɗaya, kuma a tabbata kaso mai tsoka na abin da kowane baƙo ya biya ya tsaya a hannun mutanen wurin. Ƙarin kuɗin shiga na 2024, wanda ake rabawa tsakanin hukumar gandu da hukumomin yankin, mataki ne a kan wannan hanya, amma tsada kaɗai tana zaɓen wanda zai zo ne, ba ta cewa mutum nawa.

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu gobe za su sami kansu a ma'aikatar gandun daji, ko kwastan, ko ofishin ba da lasisi. Muna da wurare irin su Yankari, wadda aka keɓe tun 1956 aka buɗe wa baƙi a 1962, kuma tambayoyin da za su zo kan teburinmu su ne waɗanda suka zo kan na ma'aikatan Ikwado: mutum nawa wuri zai iya ɗauka, wa ke ƙirga su, kuma me maƙwabtan gandu za su samu. Ranar da mai kuɗi ya zo neman a ɗaga masa ƙafa a kan adadin da doka ta yanke, mu tuna cewa awakin Pinta guda 3 ne kawai lokacin da aka sake su.