A Sauke Talla Daga Kan Ɗiya: Jawabin Kwamiti Ga Taron Ƙungiya

Dattawanmu, malamanmu, iyayenmu mata, da ƴan uwa da sunka zo daga Yamai, Damagaram, Kano, Kwatano da Abijan, muna yi muku barka da hanya. Waɗanda ba su samu zuwa ba, wagga takarda za ta iske su inda suke. Wanda ya iya karatu shi karanta ma wanda bai iya ba.

Maganar da anka ɗora mana yau ita ce sana'ar matanmu na cikin gida, da tallan da ke fid da kayansu waje. Mun san wasu za su ce wannan zancen mata ne. To, amma duk wanda ya yi wata shida ci-rani bai aiko da ko dala ba, ya dawo ya tarar da yara da ransu, ya san ko hannun wa ya riƙe gidan.

Ba yau matan ƙasarmu sunka fara nema ba. Tsofaffi sun ba mu labari, tsohon garin Maraɗi cikin kwarin gulbi yake, mata na da gamanarsu, suna nomansu. Da ruwa ya ci garin a 1945, anka hau tudu, gonakin fadama sunka yi ma mata da yawa nisa. Bayan haka kasuwanci ya buɗe, Alhazai sunka yi arziki, kulle ya yawaita, har wanda ba shi da ƙarfi yana so a ce matarsa ba ta fita. Daga nan tsakar gida ta zama kasuwar mace: fura, ƙosai, waina, tuwo, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Fari ya zo a 1973 da 1974, gyaɗa ta lalace a 1975, wani farin ya sake zuwa a 1984, maza sunka watsu neman abinci. A watan Janairu na 1994 anka karya darajar sefa da rabi, kayan waje sunka yi tsada. A 2005 anka yi ƙarancin abinci wanda har yau ba mu manta ba. Cikin duk waɗannan shekaru, ƴar sana'ar nan ta cikin gida ita ta riƙa tsare mana mutunci.

Sai dai jama'a, mu faɗi gaskiya. Uwa tana ciki, mai saye yana waje. Wa ke haɗa su? Ɗiya ce, da faranti bisa kai. Ta fita da safe lokacin da ƙawayenta ke shiga lakwal, ta bi tasha, ta bi gareji, ta bi bakin kasuwa ranar Litinin da Juma'a, wani lokaci sai bayan magariba take shigowa, don ana ce mata kada ta dawo da saura. Abin da take ji wajen nan, da irin mazan da ke tsai da ita, ba sai mun faɗa gaban dattawa ba. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fid da doka ta kare karatun ɗiya mace har ta kai shekara 16. Doka tana nan bisa takarda, amma ba ta ce ma uwa ga wanda zai sayar mata da furarta. In ba mu samo ma uwa wata hanya ba, faranti ba zai sauka ba, ko mushe ya zo gida sau goma.

To hanyar tana nan, kuma ba baƙuwa ba ce. Mun gaji talla iri uku. Akwai na faranti, wanda munka faɗa. Akwai na mai shela da sanƙira, masu kai labari da baki. Akwai kuma na dillaliya, wadda ke ɗaukar kayan wani, zane ko kwano ko ƴan kunne, ta shiga gida gida, ta yaba kaya, ta daidaita ciniki, ta karɓi la'adarta. Dillaliya ba ta da jari. Jarinta shi ne ta san mutane, mutane sun san ta, kuma sun yarda da maganarta. Abin da ya sake a zamaninmu shi ne, wanga aiki yanzu ana iya yin rabinsa daga zaune. Tun bayan taron ƙasa na 1991 gidajen radiyo masu zaman kansu sunka buɗe, ana biya a yi sanarwa. Salula ta shigo Nijar a farkon shekarun 2000. Yau da WhatsApp mace na iya ɗaukar hoton kaya, ta yi magana da bakinta, ta aika ma gida hamsin tana zaune gindin murhu, jariri na goye. Wadda ba ta yi lakwal ba ma ba a bar ta baya ba, tun da murya ce take aikawa, ba rubutu ba.

Ku duba abin da ke kewaye da mu. A Jiratawa akwai fadamar noman rani da anka gyara a farkon shekarun 1980, wajen eka 500 ta ma'aunin faransa, inda zogale, tattasai, tumatir da albasa ke fita. Manomin can ya iya noma, amma sau da yawa mai saye guda ke zuwa bakin gona ya yanke masa kuɗin da ya ga dama. A Tsibiri da ƙauyukan Gobir akwai jar akuya wadda sunanta ya kai ƙasashen waje, akwai masu tabarma, masu man gyaɗa. A cikin Maraɗi akwai mai kanti da atamfa ta kwana masa, da tela, da mai ɗinkin hula. Kowane ɗayansu yana neman bakin da zai kai labarin kayansa cikin gidaje, inda namiji ba ya shiga. Wannan bakin, matanmu ke da shi.

Bari mu kawo misali da lissafi, don a gane. A ce mai kanti ya yarda da uwar gida, duk kayan jika guda da ta sayar masa, dala ashirin nata ne. In cikin mako ta sayar da kayan jika 30, ta samu jika 3. Ta fid da kuɗin kiredi, da na caji, da na ɗan kabu-kabun da ya kai kaya, abin da ya rage shi ne ribarta. Ba ta sayi itace ba, ba ta sayi mai ba, ba abin da ya kwana ya lalace, ɗiyarta kuma tana aji. Wani mako ya fi haka, wani mako babu ko tamma. Kasuwa ce. Ba mu ce ma kowa za a yi arziki dare ɗaya ba.

Mun ji abin da iyayenmu mata ke cewa, kuma maganarsu da nauyi. Suna cewa da kuɗin talla ake tara ma yarinya kayan ɗaki, in ta bar talla, ranar aure wa zai fid da uwa kunya? Amsarmu ita ce asusu. A nan jahar Maraɗi, a 1991, ƙungiyar CARE ta fara aikin Mata Masu Dubara: mata wajen 25 ko 30 su haɗu kowane mako, su zuba abin da sunka iya, su ranta ma juna, ƙarshen zagaye su raba. Dubarar da ta tashi daga ƙauyukanmu yau ana yin ta a ƙasashe da yawa na Afirka da wajenta. In wani kashi na la'ada yana shiga asusu da sunan ɗiya tun tana aji ɗaya, kwano da gado ba za su gagara ba.

Suna kuma cewa, fura da ƙosai ba a sayar da su da hoto. Gaskiya ne. Amma ana iya kama masu saye na kullum, kamar magina, ƴan gareji da masu shago, su yi waya su faɗi nawa suke so, yaro namiji babba ko tsohuwa ta kai musu, a biya. In dole ne ɗiya ta kai, to bayan an tashi lakwal, da rana tsaka, wuri sananne, ta aje ta dawo.

Ga maza kuma, mun san abin da ke ransu game da salula a hannun mace. Malamanmu suna nan, su ne shaida: Nana Hadiza, Allah shi ƙara mata yarda, ƴar kasuwa ce, tana Makka dukiyarta na zuwa Sham. Neman halal bai saɓa ma kulle ba. A zauna a yi shawara tsakanin miji da mata. Hoton kaya ake aikawa, ba hoton mai kaya ba. Ciniki da namiji baƙo, mai gida ko ɗan uwa shi tsaya.

Akwai gargaɗi guda. Za ku ji ana kiran mata cikin waya, ana ce musu ga aikin talla daga gida, ki zuba kuɗin shiga, ki kawo mutum uku, wata guda kuɗinki ya ninka. Ƴan uwanmu na Najeriya sun ga irin wannan da MMM, wadda ta rufe kuɗin mutane a Disamba na 2016, da yawa har yau ba su ga nasu ba. Alamar a bayyane take: dillancin gaskiya yana da kaya da ake gani, da mai kaya da aka san ƙofar gidansa, kuma ba a biya don a fara shi.

Saboda haka kwamiti yana kawo ma taro shawara biyar:

1. Ƴan ci-rani, duk wanda ya samu hali, shi saya ma matarsa ko ƙanwarsa salula mai ɗaukar hoto, da ɗan faranti mai caji da rana. Mun ga yadda wuta ta yanke bayan Yuli na 2023, lokacin da anka rufe iyaka.

2. Ku ne masu saye na farko. Ragon layya, buhun hatsi, zogale busasshe, kayan suna ko na biki, ku yi sautu ta hannun matan garinmu, ku aiko kuɗi ta Nita, Al Izza ko Amana, ku ba su la'adarsu cikakka, kada ku ce ai ƴar gida ce.

3. A yanke la'ada tun kafin kaya su bar hannun mai su, gaban shaidu biyu, a rubuta cikin karne. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wanda ba a rubuta ba shi ke raba zumunta.

4. Kada a ɓoye aibin kaya. Zanen da ke zuba a ce yana zuba. Wadda ta yi ƙarya sau ɗaya ta ɓata ma sauran kasuwa.

5. Duk macen da ƙungiya ta taimaka da jari ko da salula, sharaɗin shi ne ɗiyarta na zuwa lakwal da islamiyya. Dattawa biyu da iyaye mata biyu su riƙa dubawa, su kawo mana bayani taro mai zuwa.

Dattawa, ku ne masu yanke magana. In kunka sa baki, maza za su yarda, mata za su samu ƙarfin gwiwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaran da ke bisa titi da faranti yau, su ne iyayen garinmu gobe. Wanda ke da gyara ko ƙari bisa waɗannan shawarwari, shi tashi shi faɗa yanzu, ko shi aiko ma magatakarda kafin taro na gaba.

Allah shi ba mu damina mai albarka, shi tsare matafiyanmu, shi shirya mana zuri'a, shi sa albarka cikin neman matanmu. Amin. Wassalamu alaikum.