Kafin a sayar da maraƙi don kuɗin kwas

 

A makon jiya wani dattijo makiyayi daga yankin Dakoro ya aiko mana da saƙon murya. Ya ce ɗansa da ya gama lakwal ya matsa a sayar da maraƙi, zai biya wani mutum da ya gani a waya, mai alƙawarin koyar da yaren kwamfuta cikin wata ɗaya, daga nan wai sai kuɗi su fara shigowa. Ya ce: "Ɗana, ni ban san kan abin ba. In sayar ko in bari?"

To Baba, riƙe maraƙinka tukuna. Abin da yaron yake so sana'a ce ta gaske, kada a kashe masa gwiwa. Sai dai karatun farko na wannan sana'a kyauta yake, ga wanda ya san inda zai nema.

Yaren kwamfuta shi ne rubutaccen umarnin da ake ba na'ura, kamar a ce mata ta tara wannan, ta raba wancan, ta ajiye sunan mai bashi. Manhajar da kuke tura kuɗi da ita, da irin wannan rubutu aka gina ta. Yarukan suna da yawa, amma wanda aka fi ba mai farawa shawara shi ne Python. Wani ɗan ƙasar Holan, Guido van Rossum, ya fitar da shi a 1991, kuma har yau ba a biyan ko dala kafin a yi aiki da shi.

Wanda ya yi karatu da Faransanci, ya nemi shafin France-IOI a intanet. Darasi ne daki-daki, da tambayoyi, na'ura ce ke duba amsarka nan take. Akwai kuma littafin wani malami ɗan Beljiyam, Gérard Swinnen, na koyon Python 3, wanda ake saukewa kyauta. Wanda ya yi da Turanci, ga freeCodeCamp da aka kafa a 2014, ga kuma darasin CS50 na Jami'ar Harvard ta Amurka, mai sashe na musamman kan Python. A Najeriya gwamnati ta buɗe shirin 3MTT a 2023 don horar da matasa sana'o'in fasahar zamani, mai sha'awa ya riƙa bibiyar lokacin cike fom. Akwai masu bayani da Hausa a YouTube, suna taimakawa ƙwarai wajen fahimta, amma kalmomin umarnin kansu na Turanci ne, dole a saba da su.

Na san abin da za ku ce: a daji ina sabis, ina kwamfuta? Gaskiya ne. Amma waya mai Android ta isa farawa. Ranar kasuwa, in an shigo gari, a sauke manhajar Pydroid 3 da littafi guda. Bayan nan ana iya rubutu a gwada ko babu intanet. Littafi ya fi bidiyo sauƙin data da caji, kuma wanda ya sauke zai iya tura wa abokansa ta Xender.

Sai maganar tantancewa. Baba, ka fi ni sanin cewa ba a sayen saniya sai an duba haƙoranta. Darasi ma akwai inda ake dubawa.

Na farko, shekarunsa. Tun 1 ga Janairun 2020 aka daina kula da Python 2, amma tsofaffin littattafansa suna nan suna yawo a wayoyi. In bangon bai ce Python 3 ba, a duba kalmar print a ciki. In ba baka biyu a bayanta, tsoho ne, a bar shi.

Na biyu, aikin yi. Darasin kirki yana sa ka rubuta da hannunka, ka yi kuskure, ka gyara. Wanda kallo kawai za ka yi ta yi, wallahi ko wata shida ka yi ba za ka iya ba. Ai ba a koyon tatsa da ido.

Na uku, bakin mai koyarwa. In zancensa duk na kuɗin da za ka samu ne, ya ƙi nuna darasi ko ɗaya sai an biya, yana cewa yau ne ranar ƙarshe, to cinikin biri a sama ne. In kuwa ya nemi lambar sirri ta asusunka, rufe waya kawai.

Kai kuma ɗan'uwa mai son koyo, zaɓi darasi ɗaya ka bi shi har ƙarshe. Taura biyu ba ta taunuwa. Minti talatin kullum ya fi yini guda a wata.

Ga jarrabawar da za ka yi masa, Baba, ko ba ka yi boko ba. Ba shi wata ɗaya, ya rubuta abin da zai ɗauki kuɗi a lissafin dala, ya ninka da biyar ya fitar da sefa, sannan ya juya su naira bisa canjin ranar. Ka faɗi kuɗin rago, ka lissafa da kanka, ka ga ko amsarku ta zo ɗaya. In ya ci, sai ya ƙara da lissafin dabbobin da aka yi wa allura, ko littafin bashin shago. Yaron da ya yi wannan ya nuna da gaske yake. A lokacin, in za a kashe kuɗi, a fara da ƙaramar sola ta caji, ko kwamfutar hannu ta gwanjo. Kuma jama'a, in 'yarku ce ta nuna sha'awa, a ba ta irin wannan dama.

Mai tambaya ya aiko da saƙon murya kamar yadda aka saba. Allah ya ba da damina mai albarka, ya tsare dukiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.