Ceto Ajiya Daga Filashin Da Ke Tayar Da Kwamfuta



1. Gabatarwa

Abin da za mu tattauna a kansa yau bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, wato filashin nan da ake zuba wa babbar manhaja, har ya zama idan aka soka shi a jikin kwamfuta zai tayar da ita ya sarrafa ta, ba tare da ya dogara da abin da ke cikin ma'adanarta ba. Mutane da dama sun mayar da shi ofishin aljihu, musamman waɗanda ba su da kwamfutar kansu, sai ta aro ko ta wurin aiki.

Mu ƙaddara ga ɗalibi ya rubuta babi huɗu na kundin digirinsa a kan irin wannan filashi, ko kuwa ma'aikaci ya tara rahoton shekara a ciki. Wata safiya filashin ya ƙi tayar da kwamfuta. Cikin ruɗewa ya kai shi ga wata mai amfani da Windows, ya duba bai ga fayil ɗinsa ko ɗaya ba, sai ma ga saƙo ya fito cewa sai an yi wa filashin fomat kafin a iya amfani da shi. To, a wannan ɗan lokaci ne ake asarar aikin shekara guda. Maƙasudin wannan lacca shi ne in nuna cewa a galibin lokuta ajiyar tana nan daram, kuma abin da ya fi halaka ta shi ne gaggawar mai ita.

2. Taƙaitaccen Tarihi

A shekarar 1991 ne Linus Torvalds, yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, ya fitar da ƙashin bayan manhajar Linux. A shekarar 2000 wani Bajamushe mai suna Klaus Knopper ya fito da Knoppix, wadda ta shahara da tayar da kwamfuta kai tsaye daga faifan CD. Da yake ba a rubutu a kan irin wannan faifai, duk aikin da mutum ya yi yakan tafi da zarar an kashe na'ura. A wannan shekara ta 2000 ce kuma filashi ya shigo kasuwa, kuma wanda kamfanin IBM ya sayar a lokacin megabait 8 kacal yake ɗauka. Da filashi ya ƙara girma ya kuma yi araha, sai manhajoji irin su Ubuntu, wadda ta fito a 2004, da Tails, wadda ta fito a 2009, suka koma kansa. Amma sun taho da tsarin da suka gada daga faifai, kuma wannan gado shi ne tushen matsalar da muke magana a kai.

3. Ina Ajiya Take Zama?

Domin a fahimci yadda ake ceto, wajibi ne a fara sanin inda abu yake. Irin wannan filashi yana aiki ne da wurare uku.

Wuri na farko shi ne inda ita manhajar take, a dunƙule cikin babban fayil guda mai tsarin squashfs. Ku ɗauke shi tamkar bugaggen littafi, ana karantawa amma ba a ƙara masa ko harafi. Saboda haka duk wanda ya je neman kundinsa a nan ya yi ɓatan kai.

Wuri na biyu shi ne ma'adanar wucin gadi ta ita kwamfutar, wadda ke riƙe abu muddin akwai wuta. Wannan kamar allon aji ne, ana tashi ake goge shi. Idan tun farko ba a shirya wa filashin wurin ajiya mai ɗorewa ba, to duk abin da mutum ya adana a nan ya zauna, ko da kuwa ya ga sunan fayil ɗin da idonsa a kan fuskar kwamfuta. Ya kamata in faɗa muku gaskiya ƙarara: abin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa, kuma duk wanda ya karɓi kuɗinku da sunan zai ciro shi daga filashin, neman abin da bai taɓa shiga ciki ba zai yi.

Wuri na uku shi ne ajiya mai ɗorewa, wadda manhajoji irin su Rufus da mkusb ke iya yankar wa filashi lokacin da ake shirya shi. Misalinta shi ne takarda mai shara-shara da aka shimfiɗa a kan bugaggen littafin nan, mai karatu yana ganin shafi ɗaya, alhali duk abin da ya rubuta a kan takardar sama ya tsaya. Dabarar da ke haɗa su biyun ana kiranta overlayfs, kuma ta shiga ƙashin bayan Linux a shekarar 2014. Wannan wuri na uku shi ne muke nema. A Ubuntu sunansa casper-rw, a sababbin fitowa kuma writable. A Debian da Kali sunansa persistence, a Tails kuwa TailsData.

Wani lokaci wannan ajiya ɓangare ne mai zaman kansa a jikin filashi, wani lokaci kuma fayil ne guda ɗaya da ke ɗauke da komai a cikinsa. Idan fayil ne, kuma filashin yana kan tsarin FAT32, ba zai wuce gigabait 4 ba, domin iyakar wannan tsari ke nan. Cikar wannan ɗan wuri tana daga cikin dalilan da kan hana filashi tashi, alhali babu abin da ya sami fayilolin da ke ciki.

Yanzu sai mu koma ga saƙon nan na Windows. Ajiya mai ɗorewa galibi an rubuta ta ne da tsarin ext4 ko wani ɗan'uwansa na Linux, Windows kuwa ba ta karanta shi da kanta. Saboda haka idan ta ce a yi fomat, ma'anar maganarta ita ce ba ta gane rubutun ba. Wanda bai iya karatun ajami ba, idan ya ce takarda ba ta da amfani, ba a yayyaga ta saboda maganarsa, sai a nemo wanda ya iya.

4. Matakan Ceto

Mataki na farko shi ne a dakata. Kada a yarda da fomat, kada a sake zuba wa filashin manhaja, kada kuma a yi ta gwada tayar da kwamfuta da shi, domin kowane sabon rubutu yana iya hawa kan tsohon. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Mataki na biyu, a samo kwamfuta mai Linux. Idan babu, a shirya wani filashi dabam, a tayar da kwamfuta da shi, sannan a soka mara lafiyar a matsayin baƙo. Manhajar Disks, ko umarnin lsblk, za su nuna ɓangarorin da ke jikinsa da sunayensu da girmansu.

Mataki na uku, wanda aka fi yawan tsallakewa, shi ne a ɗauki kwafin filashin gaba ɗayansa zuwa wata ma'adana mai yalwa, kafin a taɓa komai. Manhajar ddrescue domin wannan aiki aka yi ta: tana fara kwashe wuraren da ke da lafiya, sannan ta dawo kan masu wuya, tana kuma riƙe lissafin inda ta tsaya. A nan sai a yi hattara ƙwarai wajen rubuta sunan wanda ake kwafa da na inda ake zubawa, domin juya su yana nufin shafe abin da aka zo ceto. Daga nan duk wani gwaji a kan kwafin za a yi shi, asalin kuma a ajiye shi gefe.

Mataki na huɗu, a buɗe ɓangaren ajiyar a yanayin karatu kawai. Idan fayil ne guda, ana iya ɗaura shi ya buɗe tamkar ma'adana. A Ubuntu ta zamani za a tarar da folda mai suna upper, a cikinta akwai home, a cikin wannan kuma akwai folda mai sunan mai amfani, kuma nan ne kundin ɗalibinmu yake kwance. Idan kwamfuta ta ce ba a da izinin shiga, kada a tsorata, sai a yi amfani da ikon mai kula da na'ura ta hanyar umarnin sudo. Bayan an kwashe, a buɗe fayilolin ɗaya bayan ɗaya a tabbata suna karantuwa.

5. Ajiyar Da Aka Kulle

Tails, wadda Edward Snowden da 'yan jaridar da suka yi aiki da shi suka yi amfani da ita a shekarar 2013, tana kulle ajiyarta da tsarin LUKS. Hanyar ceto a nan ita ce a tayar da kwamfuta da wani filashin Tails ko wata Linux, a soka na farkon, a shigar da kalmar sirri, sai TailsData ta buɗe. Amma in kalmar sirri ta ɓace, ko kuwa ɗan wurin da ke farkon ɓangaren, inda makullan suke, ya lalace ba tare da an taɓa ajiye kwafinsa ba, to babu ƙwararren da zai iya buɗewa. Ƙarfin da ke hana ɓarawo shiga shi ne ke hana mai gida idan ya yar da makulli. Ina jan hankalin ma'aikata musamman a kan wannan, domin takardar hukuma amana ce, bai kamata makullinta ya zauna a ƙwaƙwalwar mutum ɗaya kaɗai ba.

6. Idan Ɓarna Ta Riga Ta Auku

Idan an riga an yi fomat, ko an zare filashi yana tsakiyar rubutu, ko wuta ta ɗauke kamar yadda muka saba gani, har yanzu da sauran fata. Christophe Grenier na ƙasar Faransa ya samar da manhajoji biyu na kyauta. TestDisk tana neman ɓangaren da ya ɓace ta mayar da shi. PhotoRec kuwa tana bin ma'adana lungu-lungu tana tsinto fayiloli ta hanyar alamun da ke farkonsu, sai dai takan dawo da su ba sunayensu na asali, ba kuma foldarsu, sai mutum ya zauna ya tantance. Ita ma ba ta iya komai a kan ajiyar da ke kulle sai an buɗe ta. In kuwa kwamfuta ba ta ma ganin filashin sam, to cutar a jikin ƙarfen take, kuma wannan aikin masu kayan gyara na musamman ne.

7. Kammalawa

Jama'a, filashi yana da iyakar yawan rubutun da zai ɗauka kafin ya gaji, babbar manhaja kuwa ba ta daina rubutu muddin tana aiki. Saboda haka ranar mutuwarsa tana tafe, lokacinta ne kawai ba a sani ba. Shawarata gare ku guda uku ce. Yau ɗin nan, kowa ya adana ɗan fayil a filashinsa, ya kashe kwamfuta ya sake tayarwa, ya ga ko fayil ɗin yana nan. Duk aiki mai muhimmanci a ajiye kwafinsa a wurare biyu ban da filashin, ɗaya daga ciki a wani gini dabam ko a intanet. Sannan a gwada matakan da na zayyana tun filashi yana da lafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Shugaban taro, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.